Shebur Ya Fi Fitilar Ado: Kayan da Motar Aiki Ke Buƙata

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Kwannawa, ko ya leƙa Kasuwar Kara da safe, zai ga motocin aiki iri-iri. Ga tirelolin siminti daga Kalambaina, ga tifofin yashi, ga kantoci ɗauke da buhunan albasa, ga a-kori-kura masu shiga ƙauyuka ranar kasuwa. Mu ɗalibai abin da ya fi ɗaukar mana hankali shi ne fenti da rubutun bayan mota da ham mai kiɗa da fitilu masu launi. Amma ranar da mota ta kafe a rairayi tsakanin Tangaza da Balle, babu ko ɗaya cikin waɗannan da zai fitar da ita. Abin da zai fitar da ita yana ɗaure a gefen bodi ko ƙarƙashin kujera, kuma galibi bai kai fitilar ado tsada ba.

Da yawa cikinmu 'ya'yan manoma ne, ko na 'yan kasuwa, ko na direbobi. Idan mota ta kwana a daji, tumatir ɗin gidanmu ne ke ruɓewa, dabbobin iyayenmu ne ke galabaita. Shi ya sa ya kamata mu san kayan nan da dalilin kowannensu.

Rairayi

Mu fara da raƙumi. Me ya sa yake tafiya a rairayi bai nutse ba, alhali ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba? Saboda tafin ƙafarsa na da faɗi. Abin da malamin kimiyya ke koya mana ke nan: idan nauyi ya bazu a kan wuri mai faɗi, dannawar da yake yi wa ƙasa sai ta ragu.

Direban da ya san hanya haka yake yi. Kafin ya shiga rairayi sai ya rage iskar tayoyi, taya ta ɗan baje, ta zama kamar tafin raƙumi. Amma da zarar ya hau kwalta dole ya mayar da iskar, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi, tana iya fashewa. Don haka yana buƙatar famfon iska, na ƙafa ko mai aiki da batir, da ma'aunin iska.

In kuma mota ta riga ta kafe, taka totur ba abin da yake ƙarawa sai zurfin rami. Nan shebur ke aiki. A kwashe rairayin gaban tayoyi, a shimfiɗa katako ko faranti na ƙarfe, mota ta taka ta fito. Manyan motocin da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku a Nijar da irin waɗannan faranti suke tafiya. Shi kansa jak sai an sa masa katako mai kauri a ƙasa, in ba haka ba maimakon ya ɗaga mota, shi zai lume.

Laka

Daga Yuni zuwa Satumba matsalar takan canza. Hanyoyin fadamar Rima, irin na wajen Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo, sukan zama taɓo. Ko Hilux, wadda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa tun 1968 kuma ta yi suna wajen juriya, tana maƙalewa idan cikinta ya zauna a laka. A nan ana buƙatar igiyar ja mai ƙarfi ko sarƙa. Wasu motocin hukuma da na ƙungiyoyi suna da injin nannaɗe igiyar ƙarfe a gaba, wanda mota ke jan kanta da shi idan an ɗaure a bishiya.

Abu biyu ne abin kiyayewa. A ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi domin ja, ba a jikin bamba ba. Sannan kowa ya matsa nesa. Mu yara mun fi kowa son zuwa kallo, alhali igiyar da ta tsinke tana dawowa da ƙarfin da zai iya karya ƙafa ko ya yi kisa.

Zafi da ƙura

A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Motar da ke tafiya a hankali da lodi cikin rairayi injinta na saurin yin zafi. Jarkar ruwa biyu ake so, ɗaya ta lagireto, ɗaya ta mutane. Kada a buɗe murfin lagireto injin na da zafi, domin ruwan cikinsa a matse yake, zai yi tsartuwa ya ƙona fuska. A jira ya huce.

Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Injin yana shaƙar iska kamar yadda muke yi, kuma matatar iskarsa tana toshewa. Wannan dogon bututun da kuke gani a gefen gilashin wasu motoci ba ado ba ne. Yana ɗauko iska daga sama, inda ƙura ba ta kai ta wajen tayoyi yawa ba, kuma yana hana ruwa shiga injin idan za a ƙetare rafi.

Lodi

Tamfol yana kare siminti da hatsi daga ruwa, yana hana yashin tifa zubo wa masu babur a ido. Igiya mai kyau tana hana buhu zamewa. Ƙarafan da masu walda ke ƙara wa bodi suna da amfani, amma suna jawo kwaɗayin tula kaya har sama. Gwada ɗora littattafai goma a kanka ka juya da sauri, za ka gane abin da ke faruwa da mota a kwana. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, marasa nauyi a sama.

Dare

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana tambayar direba safaya da jak da tukunyar kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Wasu na ɗaukar wannan neman fitina ne. To amma ku tuna motar da ta lalace da dare aka jera mata ganye a titi. Ganye ba ya ƙyalli. Mai tahowa da gudu ba zai gan shi ba sai ya iso. Alamar gargaɗi da tef mai ƙyalli a bayan bodi suna mayar da hasken fitila tun daga nesa. A haɗa da tocila, da waigi na tare taya kada mota ta gangara, da akwatin agajin gaggawa. Lambar kiran hukumar idan an yi haɗari ita ce 122.

Ga ɗan aiki ga masu karatu. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na 2021. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, zafinmu kuwa yana gaggauta tsufanta. Idan akwai mota a gidanku ko unguwarku, ku nemi izini ku duba tayoyinta har da safaya, ku tambaya ko akwai shebur da jarka da igiya. In babu, ku tuna wa mai ita cikin ladabi cewa ba a fafe gora ranar tafiya.