Kunya da tsoron magana gaban jama'a

1. Gabatarwa

Kowace shekara mukan ga ɗalibin da ya rubuta kundi mai kyau, amma ranar kare shi gaban malamai sai murya ta kama rawa, baki ya bushe, wahalar shekara guda ta lalace cikin minti 20. Akan ce kunya ce. A ganinmu abu biyu ne ake gamawa.

2. Kunya daban, tsoro daban

Kunya tarbiyya ce. A 1974, Kirk-Greene ya lissafta ta cikin halayen mutumin kirki a wurin Bahaushe, tare da haƙuri da ladabi. Tana da ƙa'idodinta: an san wanda ake jin kunyarsa, kamar suruki, an kuma san alamunta, wato sunkuyar da kai da rage murya. Tsoro kuwa aikin jiki ne: sinadarin adirenalin shi ke sa zuciya bugawa da sauri, hannu ya yi zufa. Matsalar ɗalibi ita ce, gida ya koya masa sunkuyar da kai gaban babba, lakkol kuma na son ya ɗaga kai ya yi gardama, da faransanci. Don haka tsoron ne za a yi wa magani, a bar kunya inda take.

3. Hanyoyi uku

a) Haddace mabuɗi. Mai tatsuniya ba ya inda-inda wajen farawa, domin al'ada ta tanada masa kalmomin buɗewa. Shi ma ɗalibi ya haddace jimlolinsa uku na farko, tunda tsoro yakan fi tsanani a farkon jawabi.

b) Bin mataki-mataki. A 1958, likita Joseph Wolpe ya bayyana yadda tsoro ke raguwa idan ana fuskantar abin tsoron kaɗan-kaɗan. A fara jawabi gaban aboki guda, sannan ƴan fada, sannan aji.

c) Dakatawa. A ja dogon numfashi a ƙarshen jimla. Shirun da mai magana ke jin ya yi tsawo, mai saurare natsuwa yake ɗaukarsa.

4. Kammalawa

Mai kunya yakan iya saurare, yakan kuma auna magana kafin ta fita, kuma waɗannan su ne jarin mai jawabi. Abin da ya rage masa sabo ne. Ya kamata malamai su riƙa ba shi minti 5 a aji tun shekarar farko, kada ranar kare kundi ta zama ranar da ya fara tsayawa gaban mutane.