Gyaran rufin motar matafiya mai ɗagawa a yanayin Damagaram

Motar matafiya mai ɗaki a ciki, wadda ake kwana da girki a cikinta, ba baƙuwa ba ce ga Zinder, wato Damagaram, domin a shekarun 1970 da 1980 Turawa masu ƙetare Sahara sukan gangaro da irinta daga Tamanrasset ta Arlit da Agadez, su biyo ta Tanut su sauka a Damagaram kafin su wuce Kano. Kamfanin Westfalia na Jamus, wanda ya fara mayar da motocin Volkswagen ɗakunan kwana a 1951, shi ne ya fi shahara da rufin da ake turawa sama idan an yada zango, tampol ya miƙe ya zama bango, mutum ya samu wurin tsayawa da na shimfiɗa.

Abin da ke ɗaukar nauyin rufin iri uku ne: tsofaffin motoci suna da sifirin da ƙarafa masu buɗewa kamar almakashi, wasu na zamani suna da famfon lantarki mai tura mai, mafi yawa kuwa suna dogara ga sandar iska, irin wadda ke riƙe ƙofar bayan mota. Sandar iska bututu ne da aka ɗura wa iskar nitrojin da matsi mai tsanani tare da ɗan mai, sai wani siririn ƙarfe mai santsi da ke shiga yana fita ta cikin zoben roba, kuma wannan zobe shi kaɗai ne ke hana iskar tsiyayewa.

A nan ne yanayin Damagaram ke yin ɓarna, domin ƙurar hunturu tana manne wa siririn ƙarfen, musamman idan an shafa masa giris da nufin taimako, sai ta riƙa cin robar a duk ɗagawa da saukewa har iskar ta zurare kaɗan-kaɗan. Zafi ma yana ruɗa mai bincike, tun da matsin iskar yana ƙaruwa da kusan kashi 3.5 cikin 100 a duk ƙarin maki 10 na ma'aunin zafi, saboda haka sandar da ta gaji takan riƙe rufi da ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, amma ta sake shi da asubahin Janairu. Gwajin da aka yi da sanyin safiya ne abin dogaro.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, wajibi ne a tokare rufin da katako mai ƙwari, a kuma samu mutum na biyu ya riƙe, domin da zarar an cire sanda ɗaya nauyin yakan koma gefe guda ya murɗe hinji, ko ya faɗo wa makanike a wuya. Daga nan a duba hinjinan da mahaɗan sandar, a wanke yashin da ya taru, domin sau da yawa laifin na ƙarfen da ya lanƙwashe ne, ba na iskar ba. Idan sandar ce ta mutu, a karanta lambar da ke jikinta, wadda ke ƙarewa da harafin N, wato awon ƙarfin turawarta, a nemo mai wannan ƙarfi da wannan tsawo, a canza sandunan gefe biyun tare, a ɗaura su siririn ƙarfen yana duban ƙasa don mai ya riƙa jiƙa robar. Ɗora wadda ta fi ƙarfi, abin da masu sayar da kayan kwance kan ba da shawara a kai, kuskure ne, domin takan tsage rufin a inda aka kafe ta, ta kuma hana shi rufuwa.

Tampol da ya yage ba abin damuwa ba ne a garin da dukawansa suka yi suna wajen ɗinkin fata. Sandar iska kuwa ba ta gyaruwa da guduma, kuma ya kamata masu walda da masu tara tsofaffin ƙarafa su sani cewa ko wadda ta daina aiki tana iya fashewa idan aka huda ta ko aka kusantar da ita ga wuta.