Fentin mota: a san diliyan kafin a ɗauki bindiga

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Duk wanda ya lura da motocin da ke ɗaukar fasinja da buhunan hatsi tsakanin Hamdara da Mirriya da birnin Damagaram zai gane gaskiyar wannan magana. Sai a ga mota ta fito daga garaji tana walƙiya, amma kafin hunturu ya zagayo launinta ya dushe, fenti yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, tsatsa kuma ta soma cin ƙarfe. Mai mota ya zargi mai fenti, mai fenti ya zargi ɗan kasuwa. Sau da yawa laifin yana cikin ruwan da aka sirka fentin da shi, wanda Faransawa ke kira diluant, mu kuma muke ce masa diliyan, mutanen Kano kuwa tina.

Aikin diliyan

Fenti yana fitowa daga gwangwani da kauri, ba ya iya ratsa bakin bindigar feshi. Diliyan ne ke tsinka shi, ya ɗauke shi cikin iska har jikin mota, ya bar ɗigo ya haɗu da ɗigo su kwanta sumul, sa'an nan ya tashi ya bar fenti shi kaɗai. Asirin duka yana cikin lokacin tashinsa. In ya tashi da wuri, fenti ya bushe tun yana hanya, ya sauka da kaushi kamar rairayi, ko ya yi gurzu-gurzu kamar ɓawon lemu. In ya yi jinkiri, fenti ya zubo kamar hawaye, ƙura kuma ta manne masa.

Kowane fenti da nasa

Fentin mota iri-iri ne. Akwai na seluloz, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fitar da sunan Duco, aka soma ganinsa a jikin motocin Oakland na 1924. Kafin zuwansa fentin mota guda yakan ci makonni, shi kuwa cikin sa'o'i yake bushewa. Akwai fentin mai, wanda ake rubuta wa synthétique. Akwai kuma na zamani mai haɗi biyu, mai alamar 2K, wanda ba ya yin tauri sai an zuba masa durcisseur, watau maganin taurarawa.

Kowannensu yana da diliyan ɗinsa, kuma ba a yi musu musaya. Diliyan ɗin seluloz yana da zafi. In aka fesa shi a kan fentin mai, sai tsohon fenti ya yamutse ya tashi. Wanda ake sayarwa da araha don wanke bindiga, mai rubutun nettoyage, sau da yawa yana ɗauke da alkol da ɗan ruwa. Waɗannan suna cinye maganin taurarawa tun cikin kofi, fenti ya ƙi ƙarfi ko ya fito da ƙuraje. Isansin mota kuwa ba a yi shi don wannan aiki ba ko kaɗan: yana kashe sheƙi, yana barin maiƙo. Abin da ya fi shi ne fenti da magani da diliyan su zama na kamfani guda.

Kalmomi uku da yanayin ƙasarmu

A jikin gwangwani mai karatu zai ga ɗaya daga cikin kalmomi uku: rapide, mai saurin tashi, normal, matsakaici, lent, mai jinkiri. Kamfanoni suna auna fentinsu a kan zafin digiri 20. Mai sauri na lokacin da zafi bai kai haka ba ne, matsakaici daga nan zuwa wajen digiri 25, mai jinkiri kuwa na digiri 30 zuwa sama.

To, a ƙasar Damagaram zafin rana yakan kai digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ƙarfen motar da ta wuni a rana kuma ya fi haka nesa. Ashe ke nan mai jinkiri shi ne abokin aikinmu a mafi yawan shekara, ko da yake masu fenti da dama sun fi son mai sauri don mota ta bar garaji da wuri. Wannan gaggawa ce ke jawo asara. Fuskar fenti takan bushe ta rufe, diliyan na ƙasa ya rasa mafita, sai ya huda ta ya bar ƙananan ramuka kamar na allura.

Da hunturu, a Disamba da Janairu, safiya tana da sanyi, matsakaici ya isa. Sai dai ƙura ita ce abokiyar gaba: a yayyafa wa ƙasa ruwa, a kange wurin, a yi aiki kafin iska ta taso. Da damina kuma, musamman a Agusta, iska tana da laima. Diliyan mai sauri yana sanyaya ƙarfe sa'ad da yake tashi, raɓa ta sauka cikin ɗanyen fenti, ya yi fari-fari kamar hazo. Nan ma mai jinkiri ne magani. Girman aiki shi ma abin dubawa ne: ƙofa guda ta iya jure mai sauri, amma mota sukutum tana son mai jinkiri, don kada gaba ta bushe kafin a kai baya.

Awo da feshi

Ba a haɗa fenti da ido. In aka ga 2:1 + 10%, ma'anarsa awo biyu na fenti, awo ɗaya na maganin taurarawa, sa'an nan diliyan kashi 10 cikin 100. Wannan misali ne kawai; abin da kamfani ya rubuta shi ake bi. Akwai wani ɗan kofi mai suna DIN 4, mai cin mililita 100, da huda mai faɗin milimita 4 a gindinsa. Akan cika shi a ƙirga daƙiƙoƙin da zai tsiyaye. Yawancin fentin 2K yana son tsakanin 16 da 20. Bayan haka a tace haɗin, a zubar da ruwan da ya taru cikin tankin injin iska, a gwada a jikin wani tsohon ƙarfe. A riƙe bindiga santimita 15 zuwa 20 daga mota, a bar minti 5 zuwa 10 tsakanin shafi da shafi. Sannu ba ta hana zuwa.

Lafiyar ma'aikaci

Diliyan yana ƙunshe da sinadarai irin su toluwen da zilen da aseton. Shaƙarsu tana kawo jiri da ciwon kai, in ta daɗe kuma ta taɓa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda. Maganin taurarawa yana da izosiyanat, mai haddasa asma wadda kan zauna wa mutum har ƙarshen rayuwa. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare wannan tururi. Ana bukatar takunkumi mai matacin gawayi da ake canzawa a kai a kai, ga fentin 2K kuwa mafi aminci shi ne mai kawo iska ta tiyo. Madarar da wasu ke sha bayan aiki abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke huhu. Kada a wanke hannu da diliyan, gama yana ratsa fata.

Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske wuta. Saboda haka murhun shayi da taba da walda su yi nesa da wurin feshi. Kada a zuba shi cikin kwalbar ruwan sha, kada a zubar da ragowarsa kusa da rijiya, kada kuma a sayar wa yaran da ke nemansa don shaƙa.

Muna kira ga iyayen gidan garaji su koya wa yaransu karanta waɗannan kalmomi na jikin gwangwani tun kafin su miƙa musu bindiga. Masu motocin Hamdara da kewaye su ma, ranar da suka kai mota fenti, su tambayi irin diliyan da za a sa, su kuma yi haƙuri da ƙarin yini guda. Mota dukiya ce da aka tara da gumin noma da fatauci, tattalinta wajibi ne. Allah ya ba da sa'a, amin.