Kwatanta Kalmomin Yau da Kullum a Karorin Harshen Romani

1.0 Gabatarwa

Romani harshe ne na al'ummar Roma da ke warwatse a ƙasashen Turai. Kakanninsu ba su bar rubutaccen tarihin ƙaurarsu ba, don haka manazarta suka koma ga kalmomin da ke bakinsu. Tun a 1782 Johann Rüdiger ya nuna cewa tushen harshen Indiya ne. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda kwatanta karorin harshen ke bayyana hanyar da masu shi suka biyo.

2.0 Kalmomin Gado

Kalmomin da suka shafi jiki da gida da muhalli kusan ɗaya suke a dukkan karorin, kuma suna da takwarori a harshen Hindi. Misali, pani 'ruwa', yag 'wuta', kher 'gida', kan 'kunne', rat 'dare'. Bambancin da akan samu galibi na furuci ne: inda Sinti na Jamus ke cewa pani, Kaldarash na rukunin Vlax cewa suke pay.

3.0 Tsohon Aro

Akwai kuma kalmomin aro waɗanda karorin suka yi tarayya a kansu. Daga Farisanci aka sami bakht 'sa'a', daga Armeniyanci grast 'doki', daga Girkanci drom 'hanya'. Ƙidaya ta fi fito da lamarin fili: ɗaya zuwa shida da kuma desh 'goma' na gado ne, amma efta, okhto da enya, wato bakwai, takwas da tara, Girkanci ne. Tun da har karorin da ke nesa da juna suna da su, ke nan an are su ne kafin a rabu, lokacin doguwar zama a daular Rumawa ta Gabas.

4.0 Sabon Aro

Daga ƙarni na 14 zuwa na 15 jama'ar ta bazu cikin Turai, kowane rukuni ya shiga aro daga maƙwabtansa. 'Yan Vlax, waɗanda aka bautar a Moldabiya da Walakiya har zuwa 1855 da 1856, sun ɗauki kalmomin Romaniyanci kamar lumya 'duniya' da vryama 'lokaci'. Su kuwa Sinti Jamusanci suka ara, kamar berga 'dutse'. A wannan mataki ne fahimtar juna takan yi wuya.

5.0 Kammalawa

Abin lura shi ne, kalmar da kowa ke da ita shaida ce ta zaman tare, wadda kuwa ta keɓanta ga rukuni guda shaida ce ta inda ya yada zango. Wannan na da muhimmanci ga masu shirya littattafan makaranta da ƙamus: in suka jingina ga kari ɗaya, yaran sauran karorin za su ga harshen baƙo ne, in kuwa suka kankare sabon aro baki ɗaya, sun shafe wani babi na tarihin masu harshen.