Ƙaurar da Bayanan Manazarta Tsakanin Manhajojin Kwamfuta da Matsalolin Tsara Madogara a Nazarin Hausa

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa darajar kowane bincike tana rataye ne a kan madogararsa, domin da ita ce mai karatu zai bi sawun marubuci har ya kai ga tushen maganarsa. A da, manazarci yakan rubuta bayanin kowane littafi a kan kati, ya jera katunan bisa tsarin abacada. Yanzu kuwa manhajojin kwamfuta irin su EndNote da Mendeley da Zotero sun karɓi wannan aiki. Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana abin da ke faruwa idan aka ɗauke bayanai daga wata manhaja zuwa wata, mu kuma nuna wuraren da ayyukan Hausa suka fi samun rauni a lokacin wannan ƙaura.

2.0 Bayani Daban, Salo Daban

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance abubuwa biyu. Na farko shi ne bayanin aikin kansa, wato sunan marubuci da shekara da sunan littafi da maɗaba'a da garin da aka buga shi, kowanne a gurbinsa. Na biyu shi ne salon jera su a takarda, kamar salon APA wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, ko na MLA wanda bugunsa na 9 ya fito a 2021. Manhaja tana ajiye bayanin sau ɗaya ne, sa'an nan ta tufatar da shi da kowane salo aka buƙata. Zotero, wadda aka fito da ita a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, tana amfani da tsarin CSL mai ɗauke da dubban salailai. Ke nan idan an yi kuskure a gurbi, to, zai bayyana a duk salon da aka zaɓa.

3.0 Hanyoyin Ƙaura

Kowace manhaja tana da nata tsarin ajiya, saboda haka sai an bi ta wani fayil na tsakiya wanda duka biyun suke ganewa. Biyu ne suka fi shahara. Akwai RIS, wanda kowane layi nasa yake farawa da alama mai harafi biyu: TY tana buɗe bayani ta faɗi nau'in aikin, AU marubuci, PY shekara, ER kuma ta rufe. Akwai kuma BibTeX, wanda Oren Patashnik ya ƙirƙiro a 1985 domin masu rubutu da LaTeX. Matsalar ita ce gurabun ba su zo daidai da juna ba. Alal misali, BibTeX na asali ya tanadi nau'i ga kundin digiri na biyu da na uku, amma bai tanadi na digiri na farko ba, alhali kuwa kundayen digiri na farko na sassan harsunan Nijeriya suna cikin muhimman manazartar adabin baka. Irin waɗannan sukan isa sabuwar manhaja ba tare da sunan jami'a ko matakin digiri ba.

4.0 Inda Hausa ke Samun Rauni

4.1 Haruffa masu ƙugiya. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba su cikin tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai. Idan aka fitar da fayil da tsarin UTF-8, manhaja ta biyu kuma ta karanta shi da tsohon tsari, sai ƙ ta rikiɗe ta koma Æ™. Wani lokaci kuma alamar tambaya ce ke maye gurbin harafin. Ta haka sunan Ɗangambo ko Ɓalewa zai lalace, ya kuma bar muhallinsa a jerin abacada.

4.2 Sunayen marubuta. An gina manhajojin ne bisa al'adar sunan iyali da sunan yanka. Bahaushe kuwa yakan bi sunansa da na mahaifi ko na gari ko laƙabi. Idan aka shigar da Ibrahim Yaro Yahaya, mawallafin Hausa a Rubuce na 1988, a jere ba tare da waƙafi ba, manhaja za ta ɗauki kalmar ƙarshe a matsayin sunan iyali, wanda a nan ya yi daidai. Amma a suna irin Abubakar Tafawa Ɓalewa, mawallafin Shaihu Umar, kalmomi biyu na ƙarshe sunan gari ɗaya ne, kuma manhaja ba ta da hanyar sanin haka sai an nuna mata. Haka nan takan yanyanka sunan hukuma kamar na mutum, muddin ba a sa shi a gurbi guda ba.

4.3 Manyan baƙaƙe. Wasu salailan BibTeX suna mayar da kalmomin take zuwa ƙananan baƙaƙe, sai Kano ta koma kano idan ba a killace kalmar ba. Zotero kuwa takan ɗauki aikin da ba a faɗi harshensa ba a matsayin na Ingilishi, ta girmama harafin farko na ƙananan kalmomi irin su na. Maganin wannan shi ne a rubuta ha a gurbin harshe.

5.0 Shawarwari

Da farko, a ajiye kwafin tsohuwar taska kafin a taɓa kome. Na biyu, a gwada ƙaurar da bayanai kaɗan masu nau'i daban-daban, wato littafi da maƙala da kundi da babi a cikin littafi. Na uku, a zaɓi UTF-8 wajen fitarwa da shigarwa. Na huɗu, a ƙirga bayanan kafin ƙaura da bayanta, a kuma cire maimaici. Na biyar, a sani cewa madogarar da aka riga aka dasa cikin rubutu da wata manhaja ba lalle ne sabuwar ta gane ta ba, don haka bai dace a sauya manhaja ana dab da miƙa kundi ba.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa manhaja ba ta gyara bayani, abin da aka ba ta shi take mayarwa. Yawancin tsofaffin littattafan Hausa ba su da lambar DOI da za a jawo bayaninsu da ita, sai dai a shigar da su da hannu daga littafin kansa. Saboda haka muna kira ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi da su amince da ƙa'ida ɗaya ta rubuta sunayen marubuta, su kuma koyar da ita a darasin dabarun bincike.