Cokalin da Ba na Shan Koko Ba

Jama'a, akwai wasu ƙananan cokula na azurfa da masu sha'awar kayan da ke tarawa, waɗanda aka ƙera don tunawa da manyan bukukuwan baje koli. Yayinsu ya yi ƙarfi a Amurka lokacin baje kolin Shikago na 1893.

Bikin da ya fi shafarmu shi ne na Wembley, a Landan, wanda Sarki George na Biyar ya buɗe a 1924. A can aka gina wa Nijeriya da Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, birni mai ganuwa irin na ƙasar Hausa, masu sana'armu suka nuna aikinsu. 'Yan kallo kuwa suka yi tsarabar cokula.

In irinsa ya faɗo hannunmu, mu juya bayansa. Ƙaramin hatimin zaki mai tafiya shaida ce ta azurfar Ingila, kashi 925 cikin 1000. Angar jirgin ruwa alamar Birmingham ce. In kuwa EPNS aka rubuta, shafe ne kurum.

Kada mu cuɗe shi da yashi, zanen zai goge. Kada kuma mu kai wa maƙeri ya narkar. Mai tara irinsu tarihin yake saye, ba nauyin kaɗai ba.