Gargaɗi ga masu mayar da tsohuwar mota ko kwantena ɗaki a Kelle

Jama'ar Kelle da ƙauyukan Kutus, hunturu ya ƙarato, a saurara. Duk wanda ya sayo gangar jikin tsohuwar bas, ko ɗakin ƙarfe mai taya irin na ma'aikatan hanya, ko kwantena daga Gure ko Damagaram, yana shirin gyara cikinsa da hannunsa ya zama shago, wurin cajin waya ko ɗakin kwana, ya ajiye guduma tukuna.

Gyaran ba laifi ba ne, kayan gini sun yi tsada. Amma ɗakin ƙasa da rufin kara suna barin iska ta ratsa, akwatin ƙarfe kuwa abin da ya shiga cikinsa, zafi ko hayaƙi, nan yake zama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne soso. Da bazara zafi na wuce digiri 40, ƙarfe ya zama ba ya taɓuwa, sai mai gyara ya manne bango da tsohon soson katifa ko farin soson da ke zuwa cikin kwalin firiji, ya rufe da leda ko labule. Wannan soso makamashi ne. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi, yana ci yana narkewa yana ɗiga, baƙin hayaƙinsa kuma na iya kayar da mutum tun harshen wutar bai iso shi ba. Ga ƙofa ɗaya, ga tagar da aka yi wa sandunan ƙarfe saboda ɓarayi, ga sakatar kwantena da ba ta buɗuwa sai ta waje. Ba mu manta da Maraɗi ba, a watan Nuwamba na 2021, inda gobara ta cinye azuzuwan zana, yara fiye da 20 suka rasu. Zana ke nan, wadda babba zai iya ketawa da hannu. Wa zai keta ƙarfe? Don Allah, kafin a manna komai, a yanka ƙofa ta biyu mai buɗuwa daga ciki, a huda mashigar iska ƙasa da sama. Maganin zafi na gaskiya rumfa ce a bisa rufin, da tazara tsakani, sannan katako a ciki.

A gama duk wata walda kafin soso ko katako ya shiga. Tankin mai kuma a kwance shi ɗungurungum a fitar, kada a kai masa wuta ko injin yanka wai don ya daɗe babu mai. Tururin da ya rage a tankin da babu komai shi ne ke fashewa. Haka tsohuwar gangar fetur da ake son yin tebur da ita.

Wayar lantarki kada ta bi ta hujin ƙarfe tsirara; kaifin zai ci robar sannu a hankali, ranar da ya kai ga jan ƙarfen, wutar janareta za ta bi bango duka. A sa ta cikin bututu, a sa fis kusa da batirin sola, a kafa sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa da jikin ɗakin. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kama wuta idan yana caji, wurinsa ba ƙarƙashin gado ba ne.

Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma. Gubar da ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010 daga dutsen zinariya ta fito, amma ita ce dai gubar. A jiƙa bango kafin a kankare, a rufe hanci, a nisanta yara da masu juna biyu. Katakon daɓen kwantena kuwa ana jiƙa shi da maganin ƙwari, kada a zuba hatsi a kansa, kada a dafa tuwo da guntayensa.

Sai daren sanyi, wanda shi ya sa na gaggauta rubutun nan. Kaskon gawayi a rufaffen ɗakin ƙarfe yana fitar da iska mai guba marar wari, marar launi, mai barci ba ya jin shigarta. Kada a kwana da garwashi a ciki, ko da ya yi toka a sama. Janareta ya zauna waje, nesa da taga. Tukunyar gaz ma waje, a inuwa, domin gaz ya fi iska nauyi, in ya zuba kwanciya yake a ƙasa, daidai inda yara ke shimfiɗa.

Idan mutum biyu ko uku suka tashi a ɗaki ɗaya da ciwon kai, jiri ko amai, kada a ce masassara ce a sake rufa musu bargo. A buɗe ƙofa, a fito da kowa fili, a kai su likitar Kelle nan take. Wanda ya suma a wuce da shi asibitin Gure. Ina roƙon limamai da masu gari su faɗi wannan ranar Juma'a da ranar kasuwa, masu walda kuma su faɗa wa duk wanda ya kawo musu irin wannan aiki.